OCRE, shafin gane kuɗin Rumawa: kyauta ne amma ba zai karanta maka kwabonka ba

Jama'a masu tara tsofaffin kuɗi, musamman waɗanda suka fara leƙa harkar kuɗin Rumawa kwanan nan, yau kan OCRE zan yi magana, don kusan duk wanda ya turo min hoton wani baƙin kwabo yana tambayar "malam wannan na wane sarki ne" can nake tura shi, wasu su dawo da murna wasu su dawo suna cewa shafin bai gane komai ba, to gara in faɗi abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa kowa ya huta.

Cikakken sunansa Online Coins of the Roman Empire, yana ƙarƙashin numismatics.org, kuma aikin haɗin gwiwa ne tsakanin American Numismatic Society, ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka da aka kafa tun 1858, da wata cibiyar nazarin tsohuwar duniya ta Jami'ar New York. Abin da suka yi shi ne sun ɗauko RIC, wato Roman Imperial Coinage, babban kundin nan mai mujalladi goma da aka fara fitarwa a Landan a 1923 ba a kai ga na goma ba sai 1994, suka zuba shi a intanet kowane nau'in kwabo da shafinsa, tun daga Augustus shekara 31 kafin miladiyya har mutuwar Zeno a 491, nau'i sama da 40,000. Ba rajista, ba biyan ko sisi, datarka kawai. Wanda ya taɓa tambayar farashin mujalladi ɗaya na RIC na takarda shi zai gane girman wannan kyauta, ni dai ban taɓa mallakar cikakken saiti ba kuma ban ga ranar ba.

Me ya sa lambar RIC take da muhimmanci? Saboda ita ce yaren da kowa yake ji a harkar. Idan ka ce "ina da kwabon ɗan Constantine mai sojoji biyu" ba ka ce komai ba, irinsu sun fi a ƙirga, amma idan ka ce RIC VII Siscia 236 to dillali a Jamus da ma'aikacin gidan tarihi a Ingila da ɗan koyo a ɗakinsa duk abu ɗaya suka gani a ransu, sarki ɗaya, gari ɗaya, shekaru ɗaya. Kaiwa ga wannan lambar shi ne duk wahalar da muke sha, kuma OCRE nan ya fi ƙarfi.

Hanyoyin shiga biyu ne da nake amfani da su. Akwai wajen da suka sa wa suna Identify a Coin, wanda aka yi domin sabon shiga, ka zaɓi ƙarfen kwabon, zinare ne ko azurfa ko tagulla, ka rubuta haruffan da ka iya karantawa, inda ya goge ka sa alamar tauraro *, sannan ga hotunan fuskokin sarakuna a jere ka duba wanda ya yi kama da naka. Ɗayar kuma ita ce Browse, inda kake tacewa da sarki, da garin da aka buga, da irin kuɗin, da abin bautar da ke baya, da shekara. Gsky ni ta biyun na fi so, ta farkon tana da kyau idan fuskar ta fito sarai kamar Nero mai kaurin wuya ko Vespasian mai tamojin goshi ko Hadrian da gemunsa, amma da zarar ka shigo ƙarni na huɗu fuskokin duk sun koma iri ɗaya, ido babba, ba gemu, ɗaurin kai, ba za ka bambance uba da ɗa da hoto ba wlh. Kuma abin takaici waɗannan na ƙarni na huɗun su ne suka fi yawa a hannun masu farawa don su ne masu araha.

To a nan ne mutane suke fushi da shafin ba laifinsa ba. Mutum ya rubuta CONSTAN* kawai ya danna, sakamako ya zubo masa dubbai, ya ce abin banza ne. Kamar ka shiga Kantin Kwari ne ka ce a ba ka atamfa, ba ka faɗi launi ba ba ka faɗi zane ba. Shafin iya abin da ka karanta daga kwabon yake mayar maka, ba ya duba hoto ya gane da kansa, saboda haka kafin ka buɗe shi ma sai ka zauna da kwabon tukuna.

Bari in ɗan tsaya kan karatun don shi ne rabin aikin. Rubutun Latin ne a gajarce kuma ba tazara tsakanin kalmomi, U ma V suke rubuta ta. IMP da CAES da AVG laƙaban sarauta ne, P M shugaban addini, P P uban ƙasa, COS muƙamin consul wato babban muƙamin gwamnatin Rumawa, TR P ikon da ake sabunta wa sarki duk shekara, S C da kake gani manya a bayan na tagulla na farkon daula kuma yana nufin da izinin majalisar dattawa. Waɗannan lambobin da suke bin TR P da COS su ne kalandar kwabon. Misali dinarin azurfa na Domitian, gaba an rubuta IMP CAES DOMIT AVG GERM P M TR P XI, baya kuma IMP XXI COS XVI CENS P P P da Minerva, abar bautar Rumawa, a tsaye. TR P ɗinsa na 11 ya fara ne a Satumbar 91 ya ƙare Satumbar 92, consul na 16 kuma a farkon 92 ya karɓa, ka ga kenan an buga kwabon tsakanin Janairu da Satumba na shekarar 92, abu mai shekara kusan dubu biyu ka kamo shi cikin wata tara. Idan ka zuba wannan rubutun a OCRE nau'i kaɗan za su rage, sai ka duba yadda Minerva ta tsaya, da mashi da garkuwa take ko a kan gaban jirgin ruwa da mujiya a ƙafarta ko tana riƙe da tsawa, shi kenan ka samu lambarka. A irin wannan kam shafin ba shi da na biyu, minti biyar ya yi yawa.

Amma a kula da suna, suna yana yaudara sosai. Kwabon da aka rubuta ANTONINVS PIVS AVG kai tsaye mutum zai ce na Antoninus Pius ne wanda ya yi mulki 138 zuwa 161, alhali sau da yawa na Caracalla ne, ɗan Septimius Severus mutumin Leptis Magna da ke Libiya ta yau, don sunan Caracalla laƙabi ne kawai bai taɓa hawa kan kuɗi ba. Elagabalus ma haka, IMP ANTONINVS PIVS AVG yake sawa. Marcus Aurelius shi ma akwai Antoninus a sunansa. To mutum huɗu kenan suna ɗaya, sai ka haɗa da fuska, dattijo mai gemu ne ko yaro ne ko saurayi mai ɗaure fuska. Abin da na yaba wa OCRE a nan shi ne idan ka nemo da rubutun zai jero maka duk sarakunan da suka yi amfani da shi, sai ka ga ashe ba mutum ɗaya ba ne, wannan kaɗai ya ceci mutane da yawa daga sayen Elagabalus da sunan wani.

Kambun kai ma magana yake. Na ganye daban, mai tsinkaye kamar hasken rana daban. A kuɗin tagulla na farkon daula mai tsinkayen yawanci dupondius ne wato ninki biyu na ƙaramin kuɗin da ake kira as, a na azurfa kuma shi ne wanda ake kira antoninianus da Caracalla ya ƙirƙiro a 215, wanda aka yi ta rage masa azurfa har zuwa zamanin Gallienus da Claudius II ya zama tagulla da ɗan shafen azurfa a sama. Idan mace ce a kan irin wannan za ka ga jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗarta maimakon kambun. Idan ka ga XXI ko KA a ƙasan baya to daga gyaran Aurelian na 274 ne zuwa gaba.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya, ƙananan tagullan gidan Constantine. Juya kwabon baya, ka dubi can ƙasa ƙarƙashin layin da mutanen suke tsaye a kai, akwai wasu 'yan haruffa uku zuwa biyar, to rayuwarka gaba ɗaya tana nan. Sunan garin da aka buga kuɗin ne da lambar sashen maƙerar da ya buga. SIS Siscia ce, Sisak ta Kuroshiya a yau. SMN Nicomedia, SMK Cyzicus, SMH Heraclea, duk a Turkiyya ta yanzu. SMTS ko TES Tasalonika ta Girka, SMAN ko ANT Antakiya, SMAL ko ALE Iskandariyya, TR Trier ta Jamus, PLG Lyon ta Faransa, AQ Aquileia, PLN ko PLON Landan. Harafin da yake maƙale gaba ko baya shi ne sashen, a gabas da haruffan Girka A, B, Γ, Δ, a yamma kuma P, S, T, Q wato na ɗaya na biyu na uku na huɗu. Mujalladan RIC na wannan zamanin gari gari aka tsara su ba sarki sarki ba, saboda haka in ba ka san garin ba babu lamba, iyakarka ka ce ga sarki ga nau'i.

Kuma akwai tarko ɗaya da yake kama kowa, CONS da CONST. CONS da harafin Girka a bayansa, kamar CONSA ko CONSΓ, Kustantiniyya ce wato Istanbul. Amma PCONST ko SCONST garin Arles ne a kudancin Faransa, don an taɓa canza masa suna zuwa Constantina a 328. Harafi ɗaya ya ɗauke ka daga wannan ƙarshen daula zuwa wancan.

Ɗauki GLORIA EXERCITVS, wanda kusan duk mai tarawa yana da shi, sojoji biyu a tsaye da mashi da garkuwa. Idan tutoci biyu ne a tsakaninsu na farko ne daga 330, idan tuta ɗaya ce na baya ne bayan an rage nauyin kwabon wajen 336, shi ya sa za ka ga ya fi ƙanƙanta. Gaba kuma CONSTANTINVS MAX AVG uban ne, CONSTANTINVS IVN NOB C ɗansa Constantine II ne yana yarima, FL IVL CONSTANTIVS NOB C kuma ɗan'uwansa Constantius II, bambancin N ɗaya tsakanin TINVS da TIVS, a kan kwabon da bai fi farcen babban yatsa da yawa ba kuma ya sha ƙasa. Sai ka ce to na gama, Constantine II ne na Siscia tuta biyu, a'a ba ka gama ba. Idan alamar garin ba ɗigo to RIC VII Siscia 220 ne na 330 zuwa 333, idan akwai ɗigo gaba da baya to 236 ne na 334 zuwa 335. Ɗigo fa! Wanda da ƙyar za ka bambance shi da ƙurar da ta maƙale. Ni wannan ne yake sa ni son harkar, wani kuma shi ne yake korarsa, kowa da halinsa.

FEL TEMP REPARATIO ma haka, wanda aka fara a 348, musamman mai sojan da yake soke mahayin doki da ya faɗi. Idan kan sarkin da ɗauri to galibi Constantius II ne, idan kai ba komai to yarima ne, Constantius Gallus ko Julian. Sannan yadda mahayin ya faɗi, ya rungume wuyan doki ne ko ya juyo yana ɗaga hannu, da harafin da ke bayan kan sarki ko a filin baya, duk suna canza lamba. OCRE yana da su amma sai ka buɗe shafuka da yawa kana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, a nan kam yana gajiyarwa, littafin takarda da ya jera su a tebur ɗaya ya fi saurin dubawa da ido.

Tunda na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Babban abin da yake damuna shi ne ba kowane nau'i ne yake da hoto ba. Hotunan daga gidajen tarihi suke zuwa, na ƙungiyar kanta da British Museum da na Balin da wasu da dama, to idan babu gidan da ya sa nasa sai ka tarar da bayani kawai a rubuce, kuma bayanin da Turancin masana ne mai kalmomin da ko wanda ya iya Turanci sai ya koye su daban, na irin alkyabbar da sarki ya yafa da sulken ƙirji da wajen da ya fuskanta. Inda hotunan suke kuma wani lokaci har sun yi kyau da yawa, kwabon gidan tarihi sumul kamar jiya aka buga, naka kuma rabin rubutun ya tafi, sai ka yi ta kokwanto ko abu ɗaya ne.

Na biyu, tunda RIC ya kwafa, raunin RIC ma ya gada. Mujalladi na biyar wanda ya ƙunshi su Gallienus da Aurelian da Probus tsohon aiki ne na 1927 da 1933, masana sun daɗe da wuce shi a wurare da yawa, za ka iya riƙe kwabo na gaskiya a hannunka wanda bai dace da kowace lamba daidai ba, ba wai ka samo abin da ba a taɓa gani ba ne, kada ka fara lissafin kuɗi. Sannan wasu mujalladan an sake su da sababbin lambobi, na farko a 1984, na su Vespasian da Titus da Domitian a 2007, OCRE sabuwar lamba yake bi, dillali kuma wataƙila tsohuwa ya rubuta a takardarsa, sai ka ga lamba ba ta haɗu ba ka zata an cuce ka alhali bugu ne ya bambanta.

Na uku, ba duk kuɗin Rumawa ne a ciki ba, kuma wannan ba ya faɗa maka, kawai zai ce babu sakamako. Idan rubutun kwabonka da Girkanci ne, misali masu kaurin nan na Iskandariyya da gaggafa a baya da harafin L kusa da lambar shekarar sarautar sarki, to kuɗin larduna ne, wajensu shafin RPC Online na Oxford. Idan na kafin Augustus ne, zamanin jamhuriya, akwai ɗan'uwan OCRE, shafin CRRO, a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya. Idan ka ga ƙaton M a baya to ka wuce 491 ka shiga Bizantiya. Akwai kuma na kwaikwayo da mutanen wancan zamanin suka buga da kansu a Birtaniya da Faransa lokacin ƙarancin canji, musamman na Tetricus da Claudius II, ƙanana masu karkataccen rubutu, su ma tsofaffi ne na gaske amma ba su da lambar RIC.

A waya yana buɗewa amma tacewar tana da wahalar dannawa kuma hotuna suna jan data, idan netwok ba ƙarfi sai haƙuri, a kwamfuta ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Sai abu biyu da mutane suke nema a wurinsa wanda ba aikinsa ba ne sam. Farashi, babu. Ba zai ce maka kwabonka ya kai kaza ba, wannan sai ka bi tarihin gwanjo, kuma ka shirya ranka don yawancin ƙananan tagullan ƙarni na huɗu ba su da tsada ko kaɗan, an buga su da miliyoyi, tulu guda da aka tono a Frome ta Ingila a 2010 kwabbai 52,503 ne a ciki, na ƙarni na uku. Tsufa daban tsada daban. Idan mai sayarwa ya ce maka RIC ya sa masa R4 ko R5 wai ba a samunsa, wannan ƙiyasi ne daga abin da ke gidajen tarihi lokacin da aka rubuta littafin, tun kafin na'urar gano ƙarfe ta cika kasuwa da su.

Ɗayan kuma sahihanci. Samun lamba ba ya nufin kwabon na gaske ne, mai jabu ma daga na gaske ya kwafa, dole lambarsa ta fito daidai. Jabun ma ba yau aka fara ba, Giovanni Cavino na Padua ya yi nasa kwaikwayon a ƙarni na 16, Carl Wilhelm Becker a farkon na 19, Rumawan kansu suna lulluɓe tagulla da azurfa su kashe a kasuwa. Inda shafin yake ɗan taimakawa shi ne nauyi da faɗi, don yana nuna awon samfuran gidajen tarihi, idan dinarin ƙarni na biyu ya kamata ya zo wajen giram 3 da ɗoriya naka ya zo giram 2 ko ya haura 4 to ka tsaya ka duba da kyau. Sauran kuma idonka ne, layin haɗi a gefen kwabo, ƙananan ramuka kamar kumfa, rubutu mai laushi kamar ya narke, duk alamun zubi ne, na gaske bugawa ake yi da guduma tsakanin hatimi biyu. Idan ka ga WRL ko COPY a jiki kuwa na tsaraba ne irin wanda ake sayarwa a shagon gidan tarihi.

Wani abu da ban zata zan so ba shi ne taswirarsa, kowane nau'i yana nuna maka garin da aka buga shi da wuraren da aka tono irinsa idan akwai bayanin, sai ka ga kwabon da aka buga a Antakiya ya ƙare a wata gona a Birtaniya, in ba ka yi hankali ba dare zai raba kana bin ɗigogi a taswira ba ka gama aikin da ya kawo ka ba.

In maki ake so ni huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan na riƙe saboda hotunan da babu da wahalar da yake ba sabon shiga a kuɗin ƙarni na uku da na huɗu. Ga mai dinarin azurfa ko babban kwabon tagulla sestertius mai rubutu a fili, ya shiga kai tsaye. Ga wanda ya sayo tarin marasa wanki kuwa, ya fara tanadar ƙaramin sikeli mai auna 0.01 na giram, da abin awon milimita, da tabarau mai ƙara girma sau goma, da tocila da zai haska daga gefe ba daga sama ba don haruffan da suka goge inuwarsu ce take fito da su. Faɗin ma yana da amfani wajen tacewa tunda ba a san sunan da Rumawa suke kiran yawancin waɗannan ƙananan ba, da girma aka raba su, AE3 daga milimita 17 zuwa 21, AE4 ƙasa da 17, AE2 daga 21 zuwa 25. Kuma don Allah kada a sa musu lemon tsami ko ruwan batir ko a goge da soson ƙarfe wai a ga rubutu, wannan koren ko baƙin rufin da ke jiki shi yake riƙe da haruffan, in ya tafi sun tafi tare, ruwa tatacce da buroshin haƙori mai laushi da tsinken sakace sun isa, a jiƙa a bari ya kwana biyu a sake. Idan kuma ka ga wani kore mai haske kamar gari yana fitowa yana zubewa in an taɓa, wannan ciwon tagulla ne yana cin kwabon, ka ware shi daga sauran ka ajiye a busasshen wuri kafin ka fara neman lambarsa.